Lauyan da Zai Karɓo Mana Habu

Zuwa ga Tasalla,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki kin sauka Yamai lafiya, ba ciwon kai ba ciwon baya, don hanyar nan ko ƙato tana kayar da shi. Allah Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa kawunki Sale da iyalinsa su karɓe ki hannu biyu, Ya sa wa ɗinkin da kinka tafi yi albarka. Ki gaishe su da kyau, ki ce na gode tun kafin su yi.

Na cusa takardar cikin buhun busasshen zogalen da na ɗaure miki, don na san sai kin isa za ki kwance shi. Ki yi haƙuri da rubutun, karatun yaƙi da jahilci ne na Jiratawa, kuma da furfura na fara shi. In kin ga layi ya hau tudu ya gangara, ki bi shi a hankali, zai kai ki. Na san kaina sarai, in munka je tasha abin da zan iya ce miki bai wuce Allah Ya kiyaye hanya ba, alhali cikina cike yake da magana.

Maganar kuwa guda ce, lauyan da za ki nema saboda Habu. Bari in faro miki daga farko, don shi ma zai ce ki faro daga farko, kuma na lura duk sa'adda kinka zo ba da labarin nan sai kuka ya ci ƙarfinki ki tsallake rabi. Ki ce masa mijinki mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, mutumin Tibiri. Ki ce albashi ya tsaya wata da watanni, gida ya ɗau zafi, har ranar da ya rubuta miki takardar saki ya kama hanyar arewa neman kuɗi, kuma daga Agadas ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ki ce kin dawo wurina a unguwar Zariya da ɗanki Habu yana ɗan shekara biyar. Da Sallar layya wan mijin, Alhaji Mamman, ya aiko a kai masa yaro Tibiri ya ci nama da ƴan'uwansa. Munka yi masa wanka, munka sa masa sabuwar riga, munka kai shi da ƙafarmu. Da munka koma ɗaukarsa Alhaji ya ce ɗan ƙanensa ya zo gidan ubansa ke nan. Iyakar labarin ke nan, kada ki ƙara masa gishiri, haka ma ya isa.

Sauran kuma nawa ne, don ni na yi yawon neman lauya lokacin da kike kwance ko kunu ba ya wuce miki. Ban taɓa ba ki labarin yawon nan daki-daki ba. Yanzu da za ki shiga irinsa a garin da ba ki san kowa ba, gara ki ji inda na faɗa rami.

Tun kafin in san akwai wani abu wai shi lauya kaina ya riga ya ɗaure. Na je wurin mai unguwa, ya ce al'ada ta ce yaro yana hannun uwa sai ya kai bakwai, daga nan na dangin uba ne, in yi haƙuri, me ya rage? Na je wurin malamin da ke ba mu karatu ranar Alhamis, ya buɗe littafi ya ce a'a, ɗa namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, in ma ta yi aure sai ya koma hannun uwarta, wato ni ke nan. Na dawo na kunna rediyo, na ji wata mata tana cewa ana rubuta sabuwar dokar iyali da za ta share wa mata hawaye. Ban gama murna ba wani ya karɓe ya ce dokar nan ba za ta zauna a ƙasar nan ba sai bayan ransa. To ni wanne zan kama? Na leƙa wurin maƙwabciyarmu Madam Rahila, tunda ta yi boko kuma ita ma ƴar Tibiri ce. Ta ce su masu zuwa majami'a ma in sun je jastis, wato kotu, tambayarsu ake yi wace al'ada suke bi, sai su tsaya suna kallon juna. Ita ta fara ce mini, “Inna, wannan ya fi ƙarfinki, ki nemi lauya.”

Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa duk wanda kinka samu ita ce, da wanne za a yi mana shari'a, da al'ada, da littafin malam, ko da dokar rediyo? In ya ce duk ɗaya ne, ki ɗauki takalminki. Ni dai har yau ban gane yadda ƙasa guda take da hanya uku a kan yaro guda ba, amma na gane cewa ba ɗaya ba ne.

Washegari na ɗaura zanen fita na tafi jastis. Kin san itatuwan bedin nan, wato dogon yaro, na bakin ƙofa, inda maza ke zaune da ƴan tebura da keken rubutu. Ina isa wani ya miƙe, ga karabat a wuya, ga tabarau, ga baƙar jaka, sakoshi, a hammata. Ya kaɗe kujerarsa ya ce, “Bismilla, Hajiya.” Ni da ko Kano ban taɓa wucewa ba balle Makka! Na zauna na zayyana masa komai, yana girgiza kai yana tsaki, can ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya zuba Faransanci kamar ana zuba gero a kwarya. Na ce, “Kai ne lauyan?” Ya ce, “Hajiya, duk abin da lauya yake yi ina yi.” Wallahi sai bayan wata biyu ina cikin tsinke zogale na tuna cewa bai ce mini awo shi lauya ne ba.

Na sayar da tunkiyata na ba shi. Ya buga takarda, ya kai ciki, anka ba mu rana. Ranar kin tuna, yana gabanmu muna bayansa, yana tafe yana kaɗa sakoshi, ni kuwa har ina jin tausayin Alhaji Mamman. Muna kaiwa ƙofar ɗakin shari'a ya ja ya tsaya ya ce, “To, ku shiga, ni nan ne iyakata.” Na ce iyakarka kamar yaya? Ya ce ai masu baƙar riga ne ke magana a ciki, shi nasa rubutu ne. Munka shiga mu kaɗai kamar kajin da anka kai kasuwa, Allah Ya taimake mu Alhaji bai zo ba anka ɗage. Da munka fito na hange shi yana kaɗe wa wata mata kujerar nan.

Ban ce ɓarawo ba ne, don takardarsa ce ta buɗe mana ƙarar. Har yau in na wuce ta wurin yana gaishe ni, ni ma ina amsawa, kuma ban san ko shi ya cuce ni ko ni na cuci kaina ba. Ke dai kada karabat ya ruɗe ki. Ki dubi idon mutum ki ce, ranar shari'a kai za ka tsaya gaban alƙali da baƙar riga, ko a ƙofa za ka bar ni? Ki jira sai ya ce awo ko a'a. Ki tabbata yana da biro, wato ofis mai ƙofa da rufi. In da hali ki sa kawunki ya raka ki jastis ɗin Yamai wata rana, ki zauna baya ki ga mutumin yana aiki da idonki kafin ki kwance bakin zane.

Na biyu kuwa, ko yanzu in na tuna sai in ji kunya da dariya sun haɗe mini. Lokacin gari ya rikice da jam'iyyu, kowace bishiya da tutarta, maƙwabci ba ya gaida maƙwabci saboda launin hula. Ina dawowa daga kai zogale Sabon Gari na iske mitin, mutane maƙil, wani mutum fari mai ƙiba yana bisa mota yana magana. Anka ce mini babban lauya ne daga Yamai, ko alƙalai tsoronsa suke yi. Tasalla, mutumin nan ya iya baki! Ya ce lokacin da ake taka talaka ya wuce, ya ce hawayen uwa ɗaya ya fi kujerar minista nauyi. Ina tsaye da tire a ka ina share hawaye, na ce Allah Ka kawo mini shi har gida.

Na bi shi masaukinsa, na yini a zaure cikin ƴan siyasa da maroƙa. Da anka shigar da ni na durƙusa na fara, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, “Mama, an gama. Kina da katin jam'iyya?” Na ce ba ni da shi. Na fita na yanka, ni da ban san ko sunan shugabansu daidai ba. Katin yana nan ƙasan adaka, in kin dawo ki gani, har da hotona ina zare ido. Ya rubuta sunan Habu a bayan ambulan ya sa aljihu, ya ce in kwantar da hankalina.

Daga nan na shiga jira. Rana ta zo, anka ce Metir, haka ake kiran lauya, yana Tawa wurin kamfen. Wata rana ta zo, anka ce yana Damagaram. Ranar da ya zo da kansa, da mota da turare, munka iske ƙofar jastis da kwaɗo, wai ma'aikata suna yajin aiki don su ma ba a biya su ba. Da anka buɗe ƙofa anka ce an canza wa alƙalin gari, sabon kuma sai ya karanta takardu tukuna. Ana cikin haka anka karya darajar kuɗinmu sefa, kuɗin mota ya tashi, Metir ya aiko wai in ƙara na mai. Na ƙara. Damina ta zo ta wuce, gero ya shiga rumbu, Habu yana Tibiri yana girma. Ranar da na samu ganinsa na ƙarshe ya riƙe hannuna da fara'a ya ce, “Mama, ban manta da ke ba. Gonar nan taku ta Jiratawa, wa ya ce ya cinye iyakarta?” Na ce, “Metir, ba gona ba ce, yaro ne.” Ya ce, “Af, haka ne, haka ne.” Na fito na zauna bakin hanya, na rasa ko kuka zan yi ko dariya.

To ki ji. Mai daɗin baki bisa mota daban, mai tuna sunan ɗanki daban. In kin je wurin lauya karo na biyu, kada ki tuna masa komai, ki gaishe shi ki yi shiru. In ya ce yaya labarin Habu, ki gyara zama. In ya fara laluben takardu yana kallon silin, ki san inda kike. Kada ki tambayi jam'iyyarsa, in shi ya tambayi taki ki ce ta masu ɗinki ce. Maganar ladansa kuma ku gama ta tun zaman farko a gaban kawunki, har da kuɗin motar zuwa Maradi da na masauki, ya ba ki shaida a rubuce. Ni kunyar tambaya na ji, na ga kamar raini ne in yi ciniki da babban mutum, ni da nake ciniki a kan dala tun safe har la'asar.

Na ukun kin san shi, Metir ƙarami, wanda Madam Rahila ta haɗa mu da shi lokacin da yake zuwa Maradi wata shari'ar. Siriri, takalminsa ya ci dugadugai, ba mota ba turare. Ranar farko ya yi mini tambayoyi har na gaji, wa ke yi wa yaro wanka, wa ke kai shi asibiti, ɗaki nawa ne a gidanmu, yaushe rabon da a ji labarin ubansa. Da ya gama ya ce, “Inna, ba zan ce miki za mu ci ba, amma muna da magana.” Saura kaɗan in tashi, don ni na saba da masu rantsuwa. Ashe shi ne na kirkin. In kin samu wanda ya ƙi yi miki alkawari, kada ki raina shi kamar yadda na so in yi.

Shi ya fara warware mini abin da ya ɗaure mini kai, ko da yake ba duka na riƙe ba. Ya ce a irin shari'armu alƙali ba ya zama shi kaɗai, akwai dattawa biyu a gefensa masu gaya masa abin da al'ada ta ce. Ya ce yaro bai kai bakwai ba, uban da za a ce a ba shi ba ya nan, saboda haka ko ta al'ada ko ta littafi muna da ƙafar tsayawa. Sai dai Alhaji zai ce ke yarinya ce, gobe za ki yi aure ki kai musu ɗa gidan wani. Ya ce, “Nan ne za ki shigo, Inna. Ke ce ƙarfinmu. In alƙali ya tambaye ki, ki ce kina son a maido wa ɗiyarki ɗanta, ki ce ko ta yi aure ke za ki riƙe shi. Za ki iya?” Na ce to. Me zan ce wa yaron da ya sha doguwar hanya dominmu? Amma tun a nan na san abin zai yi mini wuya, ban gaya masa ba.

Abin da ya faru ranar kina wurin, kin ji da kunnenki. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ke cikin kaina, kuma shi nake so ki sani kafin ki zauna gaban wani lauyan.

Ke ce ta farina. Ko sunanki na yanka ban taɓa kamawa ba, kin sani. Da anka yaye ki kakarki ta wajen uba ta zo ta goye ki ta tafi da ke Jiratawa, ban ce uffan ba. In an tambaye ni ina yarinya sai in ce wace yarinya, in juya in ci gaba da daka, in shiga ɗaki in toshe bakina da zane. Ban aika ba, ban leƙa ba. Da shekara ta kewayo tsohuwar ta dawo da ke da kanta, ta sauke ki gabana ta ce, “Tunda kin yi mana kara, ga ɗiyarki, mu ma mun san ya kamata.” Duk dangi anka yi ta yabona. Haka na taso na gani, haka na yi, kuma ya yi mini aiki. Mai son abu ya ce ba ya so, wancan ya ce a'a sai ka karɓa, kowa ya tashi da mutuncinsa, yaro ya koma inda ya dace.

To ranar nan na shiga ɗakin shari'a na iske Alhaji Mamman da babbar riga, bayansa dattawan gidansu, har da gwaggon mijinki wadda ta kawo mana kayan suna. Surukai ne fa, Tasalla, mutanen da in na hange su a hanya nake ratsewa. Anka kira ni, na tashi. Alƙali ya yi magana, tafinta ya juyo ya ce, “Ana tambayarki, kina son a maido wa ɗiyarki yaron nan? In ta yi aure za ki riƙe shi?” Maganar Metir tana bakina, na rantse miki tana bakina. Na ɗaga kai na ga gwaggon nan tana kallona. Sai na ji bakina yana cewa, “Ranka ya daɗe, yaro ai nasu ne. Duk inda ya zauna gida ne.”

Na faɗa na sunkuyar da kai ina jira. Jira nake Alhaji ya yi gyaran murya ya ce haba Inna, ku riƙe shi har ya yi wayo. Na ba shi nasa, saura ya ba ni nawa, haka ake yi tun kakanni. Ina kallon ƙafafunsa, ina jin ƙarar tasbaharsa. Bai ce komai ba. Tafinta ya juya maganata da Faransanci, mai rubutu ya rubuta, Metir ya dafe kai. Ke kuma kinka yi wani sauti da ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Dattawan nan biyu sunka raɗa wa alƙali magana, ya ce tunda kakar ma ba ta nema ba, yaro ya zauna inda yake.

A waje Metir ya ce, “Inna, me ya sa?” Na ce, “Ɗana, a gaban surukai zan buɗe baki in ce ina son ɗan ɗiyata ta fari? Da wane ido zan dube su?” Ya ce, “Laifina ne da ban tambaya da kyau ba. Da kin gaya mini, da na kawo maƙwabta su yi shaida, ko in roƙi alƙali ya saurare ki ke kaɗai a biro.” Ka ji! Ashe akwai hanya, ni ce ban buɗe baki ba. Na yi wa surukai kara a ciki, na yi wa lauya kara a waje, yaro ya tafi.

Shi ya sa nake gaya miki, lauya ba surukinki ba ne, ba baƙon da za ki ɓoye wa tukunya ba ne. Ki gaya masa abin da za ki iya, ki gaya masa abin da ba za ki iya ba, wannan ma ya fi muhimmanci. In akwai maganar da in Alhaji yana zaune ba za ta fito daga bakinki ba, ki faɗa tun a biro. Kuma ki nemi wanda ya san mu. Na ji an ce da yawansu a Yamai Zabarmanci da Faransanci suke ji, Hausarsu ta sayen tumatir ce. Ba na ƙin kowa, amma ƙarar da Metir ƙarami ya ɗaukaka kafin a ba shi aikin gwamnati ya ajiye baƙar riga, a nan Maradi za a sake zamanta, gaban dattawan nan namu. Ki gwada mutum, ki ba shi labarin abin da na faɗa gaban alƙali. In ya ce tsohuwar ba ta son jikanta ne, bai san mu ba. In ya ce Allah sarki, kunya ce ta kama ta, to shi ne. Takardun duka suna cikin ledar da na ɗinke a ƙasan jakarki, kada ki ba kowa na asali sai ya sake buga wasu ya maido miki.

Kada ki zaci na gane komai ne nake ba ki shawara. Wallahi ban gane ba. A kasuwa wasu mata sun riƙe hannuna sun ce na nuna ni ƴar gidan mutunci ce. Wasu sun ce na sayar da jikana don a yabe ni. Malam ya ce gaban alƙali ba wurin kunya ba ne. Yayata ta Jiratawa ta ce ko ita ce abin da za ta faɗa ke nan, Alhaji ne bai san ya kamata ba. Madam Rahila ta ce zamani ya canza, yanzu kowa sai ya faɗi abin da yake so da ƙarfi, shi ne dimokuraɗiyya. To in haka ne, abin da uwata ta koya mini duka ya zama laifi ke nan? Yaushe anka canza, wa anka gaya wa? In na kwanta ina juya abin, wani lokaci in ga ni ce mai laifi, wani lokaci in ga Alhaji, wani lokaci in ga ɗakin nan ne da ake rubuta maganar mutum ba a jira a ji amsar ɗayan ba. Ke kuma tun ranar ba ki ce mini komai ba. Kina kawo mini ruwan alwala, kina gaishe ni, kina yi mini irin karar da na koya miki. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni ki yi mini shirun in kina so, amma kada ki kai shi biron lauya.

Akwai abin da na ɓoye miki, na ga bai kamata ki hau mota da shi a zuciya ba. Ranar kasuwar Tibiri da ta wuce na je, na ce miki zogale zan kai. Na kai zogalen, amma na zauna bakin hanyar lakwal har anka tashi yara. Na gan shi, Tasalla. Yana tafe cikin ƴaƴan Alhaji, rigarsa wankakkiya, ya yi kumatu, ba zan yi musu ƙarya ba, ba su bar shi da yunwa ba. Kin san yadda muke da shi, da ya hango ni sai ya sheƙo ya fizge mini ɗankwali ya ce tsohuwar matarsa ta tsufa, ya sake ni zai auro sabuwa. Wannan karon ya zo a hankali ya durƙusa ya ce, “Ina wuni, Inna,” yana kallon ƙasa kamar ya ga baƙuwa. Na ce, “Angona, haka za ka yi mini? Ina kuɗin cefanena?” Sai ya yi ɗan murmushi, na ga bakinsa. Ya yi giɓi, haƙoran gaba biyu sun fita. Kin san dattawan nan ba takardar haihuwa suke dubawa ba, baki suke dubawa su ce yaro ya kai bakwai.

Na ba shi ƙuli-ƙuli, na ce ya gaida mutanen gida, na juya don kada ya ga idona. Na ɗan taka sai na ji an ja mini zane ta baya. Shi ne, ya baro ƴan'uwansa. Ya ce a hankali, “Inna, an ce ke kinka ce in zauna nan. Gaskiya ne?” Na buɗe baki zan amsa. Ƴan'uwan sunka ƙwala masa kira, ya sake zanen ya ruga.

Saboda haka kada ki ce sai kin huta, kada ki ce sai ɗinki ya kankama. Satin da kinka sauka ki fara nema. In kin same shi ki gaya masa akwai wata tsohuwa a Zariya, in an sake kiranta za ta miƙe tsaye gaban Alhaji da gwaggonsa da duk wanda ya zo, ta ce tana son jikanta, tana son ɗiyarta, a ba su abinsu, ko da Maradi da Tibiri za su ce ta zubar da kunya. Sai dai ki tambayar mini shi ko alƙali yana barin mutum ya sake magana bayan an rubuta ta farko, don wannan ban sani ba, kuma na rasa wanda zan tambaya.

Allah Ya haɗa ki da na gari, Ya rufe idon macuci daga kanki. Allah Ya tsare fitarki da shigarki a garin mutane, Ya ba ki lafiya da abin hannu, Ya dawo mini da ke lafiya. Allah Ya sa in ba yaron nan amsarsa da bakina kafin sababbin haƙoran su fito.

Ni ce,
Innarki, Zariya, Maradi.